Tafiya Tsibirin Zanzibar: Tambayoyi da Amsoshi Kan Shiri, Nutso a Teku da Wuraren Ziyara

Bahaushen da ya sauka a Zanzibar ba ya daɗewa yake jin kamar yana gida, domin kiran salla ne zai tashe shi da asuba, zai ga dattawa zaune a kan dakali cikin farar riga da hula, idan kuma ya yi sallama za a amsa masa cikakkiya. Abin da yake baƙo a gare shi shi ne teku. Yawancinmu mun tashi ne a inda babban ruwan da muka sani bai wuce kogi ko dam ko kududdufin bayan gari ba, shi ya sa amsoshin da ke ƙasa suka fi daɗewa a kan ruwa fiye da kan tudu.

A ina Zanzibar take, kuma ƙasa ce mai zaman kanta?

Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, daura da gaɓar Tanzaniya. Manyansu biyu ne, Unguja da Pemba, kuma idan matafiyi ya ce ya je Zanzibar, galibi Unguja yake nufi, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 85. Tsibiran sun sami 'yancin kai daga Birtaniya a watan Disamba na 1963, aka yi juyin juya halin da ya kifar da sarautar Larabawa a ranar 12 ga Janairu 1964, sannan a ranar 26 ga Afrilu na shekarar suka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. Har yanzu Zanzibar tana da shugabanta da majalisarta, shi ya sa ko daga Darussalam mutum ya taso sai ya nuna fasfo a tashar jirgin ruwa. Ƙidayar 2022 ta nuna mazaunanta sun kusa miliyan 1.9, kuma mafi rinjayensu Musulmi ne.

Waɗanne takardu ake buƙata kafin a tashi?

A nan ne da yawa suke yin tuntuɓe tun ba a je ko'ina ba. Masu fasfon Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin rukunin da Tanzaniya ba ta ba wa biza a filin jirgi, sai sun nema ta intanet an miƙa buƙatar tasu ga hedikwatar shige da fice an amince, kuma hakan yana iya cin makonni. Hikima ita ce mutum ya nema kimanin wata biyu kafin tafiya, ya duba shafin hukumar a ranar da zai cike takardar, kuma kada ya sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai amincewar ta zo hannunsa.

Bayan biza akwai katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda ake tambayar duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Tun daga 1 ga Oktoba 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, wadda aka fara a kan dala 44 ga babban mutum. Wanda yake da niyyar nutso ya karanta sharuɗɗanta da kyau, ya kuma ƙara da inshorar masu nutso irin ta ƙungiyar DAN, saboda jinyar haɗarin nutso da ɗaukar majiyyaci zuwa wata ƙasa suna da tsadar da ba kowace inshora ke ɗauka ba. Kada a sa ledar cefane a cikin kaya, Tanzaniya ta haramta ta tun watan Yuni na 2019.

Ta wace hanya ake zuwa?

Hanyar da ta fi sauƙi daga Kano ko Abuja ko Yamai ita ce a bi ta Adis Ababa a canja jirgi zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume, wanda yake 'yan kilomitoci kaɗan daga tsohon garin Zanzibar, wato Stone Town. Akwai kuma hanyar Nairobi da ta Doha. Wanda ya fara sauka a Darussalam zai iya hawa ƙaramin jirgin sama na kimanin minti 20, ko jirgin ruwa mai sauri na kusan sa'a biyu. Idan jirgin ruwa ya zaɓa, ya sayi tikiti a ofishin kamfanin da kansa, ya rabu da 'yan kamasho da ke tare mutane a bakin ƙofa. Mutanen tsibirin ba su manta da jirgin Spice Islander da ya nutse tsakanin Unguja da Pemba a watan Satumba na 2011 saboda lodi ya yi masa yawa ba, kuma darasin ya shafi har ƙananan kwale-kwalen yawon buɗe ido: wanda aka cika maƙil, ko wanda babu rigunan kariya daga nutsewa a cikinsa, a bar shi ya wuce.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Damina biyu ake yi a shekara. Babbar, wadda suke kira masika, tana farawa cikin Maris ta kai ƙarshen Mayu, lokacin da ruwan sama yake zuba kamar da bakin ƙwarya, teku ta gurɓace, wasu masaukai ma su rufe. Ƙaramar, vuli, tana zuwa wajajen Nuwamba. Daga Yuni zuwa Oktoba akwai rani mai sanyi-sanyi, amma iskar kudu da ake kira kusi takan tayar da igiyar ruwa, musamman a Yuni da Yuli. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi ne da gumi, irin wanda mutumin Sakkwato zai yi mamakinsa, don zafin can yana zuwa ne da laima. Ga mai nutso, watannin da iska take canja alƙibla, wato wajajen Satumba zuwa Nuwamba da kuma Fabrairu zuwa farkon Maris, su ne suka fi kwanciyar ruwa. Ɗumin tekun yana tsakanin digiri 25 zuwa 29 duk shekara.

Da wane harshe za a yi magana, kuma da wane kuɗi?

Suwahili ne harshen kowa, Turanci kuma yana aiki a masaukai da wuraren baƙi. Kunnen Bahaushe zai tsinci kalmomi da yawa da muka gada tare daga Larabci: asubuhi, alasiri, magharibi, alhamisi, ijumaa, dunia, habari, ishirini, hamsini. Ana gaida babba da shikamoo, shi kuma ya amsa da marahaba, kuma yaro ko baƙon da ya yi hakan ya sayi mutunci da araha.

Abu guda da yake rikita baƙi shi ne lissafin lokaci. Agogon Suwahili yana farawa ne daga fitowar rana, saboda haka saa moja, wato sa'a ta ɗaya, ƙarfe 7 na safe ke nan, saa nne kuma ƙarfe 10. Duk wanda ya yi alkawari da mai kwale-kwale ya nuna masa lokacin a fuskar waya, a rabu da fahimta guda. Zanzibar tana gaban Najeriya da Nijar da sa'a biyu. Kuɗinsu shilin ɗin Tanzaniya ne, kuma na'urorin cire kuɗi sun fi yawa a cikin gari, a ƙauyukan gaɓa kuwa sai an nema.

Yaya batun salla da sutura da azumi?

Masallatai suna ko'ina, amma akwai abubuwa biyu da za su ba ɗan ƙasar Hausa mamaki. Na farko, alƙibla arewa take. Mu da muka saba cewa mutum ya fuskanci gabas idan zai yi salla, a can Makka tana kusan saitin arewa sak, don haka kada a dogara da fitowar rana. Na biyu, yawancin mutanen Shafi'awa ne, akwai kuma Ibadawa da 'yan Shi'a kaɗan, saboda haka liman zai bayyana bisimilla, a raka'a ta biyu ta asuba kuma zai ɗaga hannu bayan ruku'u ya yi alƙunutu a bayyane, jama'a suna cewa amin.

Suturar da muka saba da ita ta wadatar. Matan gari suna sa baƙar abaya da suke kira buibui ko zannuwan kanga, kuma hukuma tana jan kunnen baƙi kan yawo da kayan wanka a cikin gari da ƙauyuka. A watan Ramadan gidajen abinci da yawa suna rufewa da rana, cin abinci a bainar jama'a kuma abin ƙi ne.

Ban iya iyo ba. Zan iya yin nutso?

Akwai abubuwa uku da ake haɗawa a baki alhali sun bambanta. Na farko shi ne leƙen ƙasan ruwa daga sama, inda mutum yake kwanciya a kan ruwa da gilashin fuska da ɗan bututun numfashi, kuma wanda bai iya iyo ba zai iya yin sa a ruwa marar zurfi idan yana sanye da rigar kariya kuma jagora yana kusa da shi. Na biyu nutson gwaji ne na yini guda, wanda malami yake riƙe da ɗalibi, ba a wuce zurfin mita 12. Na uku shi ne cikakken kwas na kwana uku zuwa huɗu, wanda ƙungiyoyi irin su PADI da SSI suke ba da shaidarsa, kuma yana ba mutum izinin kaiwa mita 18. Ba a samun wannan shaida sai an yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ko na mita 300 da gilashi da bututun numfashi da takalmin iyo, an kuma yi minti 10 a saman ruwa ba tare da dafa komai ba.

Shawarata ita ce wanda bai iya iyo ba ya koya a gida kafin ya taso. Kayan nutso suna riƙe mutum a saman ruwa, gaskiya ne, amma abin da yake kashe sabon shiga firgici ne, kuma wanda ruwa bai taɓa rufe kansa ba shi ne ya fi saurin firgita idan ɗan ruwan gishiri ya shiga hancinsa.

Ga masu gemu, gemun ba ya hana komai, gashin baki ne yake sa gilashin ya riƙa yoyo a ƙarƙashin hanci, kuma rage shi kaɗan yana magance matsalar. Ga mata kuma, rigar nutso tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, akwai hular da take rufe kai, kuma ana iya neman malama mace tun lokacin yin rajista.

Me yake faruwa da jikin mutum a ƙarƙashin ruwa?

Ruwa yana da nauyi, kuma duk mita 10 da mutum ya sauka, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin dukan iskar da ke bisa kanmu a doron ƙasa. A zurfin mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Nama da ƙashi ba su damu da wannan ba, wuraren da iska take a jiki ne suke jin sa, wato kunne da kogon hanci da huhu.

Kunne ne yake fara ƙorafi, tun a mita biyu na farko. Maganinsa shi ne mutum ya toshe hancinsa da yatsu ya hura a hankali har ya ji kunnuwan sun buɗe, ya riƙa maimaitawa tun kafin zafi ya zo. Idan kunne ya ƙi, a ɗan taso sama kaɗan a sake gwadawa. Dagewa da ƙarfi yana iya fasa dodon kunne, shi ya sa mai mura ba ya nutso, ko da ya biya kuɗi.

Huhu kuwa shi ne dalilin dokar da ta fi kowace girma: ba a riƙe numfashi, ko na ɗan lokaci. Idan aka hura balan-balan a zurfin mita 10 aka sake ta, kafin ta iso sama iskar cikinta ta ninka biyu, kuma haka huhun wanda ya shaƙi iskar tukunyar da mai nutso yake goyawa a baya ya rufe bakinsa ya yi sama zai kumbura har ya yage. Wannan yana iya faruwa ko a ruwan da bai wuce tsayin ɗaki ba. Ɗabi'ar ɗan Adam idan ya tsorata ita ce ya kame numfashi ya nemi sama da gudu, kuma rabin horon nutso koyon saɓa wa wannan ɗabi'a ne.

Mene ne ciwon da ake cewa saurin tasowa yana jawowa?

Iskar da ke cikin tukunyar nutso irin wadda muke shaƙa ce, kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin, kashi 21 oksijin. A ƙarƙashin matsi, naitirojin yana narkewa cikin jini da tsoka, kuma gwargwadon zurfi da daɗewa, gwargwadon yawan abin da jiki ya sha. Idan mutum ya taso a hankali, iskar tana fita ta numfashi ba tare da ya sani ba. Idan ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa a cikin jikinsa, kamar yadda kwalbar lemo take yi idan aka girgiza ta aka ɓalle murfin.

Alamominsa sun haɗa da ciwon gaɓoɓi, musamman kafaɗa da gwiwar hannu, da gajiyar da ta wuce misali, da ƙaiƙayi ko ɓacin launin fata, da jin hannu ko ƙafa sun mutu, da jiri, da kasa yin fitsari. Galibi suna bayyana cikin sa'o'i kaɗan bayan fitowa, wani lokaci sai bayan yini guda. Wanda ya ji ɗaya daga cikinsu ya faɗa nan take, kada ya ce bari ya kwanta ya gani. Taimakon farko shi ne a kwantar da shi a ba shi tsantsar oksijin, magani na haƙiƙa kuma shi ne a sa shi a ɗakin matsin iska na asibiti.

Rigakafin ba shi da wuya. A taso da saurin da bai wuce mita 9 zuwa 10 a minti guda ba, wanda shi ne abin da yawancin agogunan nutso, masu auna zurfi da lokaci, suke yarda da shi, a tsaya minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito, kada a ƙetare lokacin da agogon ya ƙayyade, a sha ruwa sosai. Ana fara nutso da tukunya mai awon matsin iska 200, kuma a ƙa'ida ana so mutum ya dawo sama da saura 50. Daga wajajen mita 30 kuma naitirojin yana sa wani irin maye mai ɓata tunani, kuma mita 40 ita ce iyakar nutson shaƙatawa baki ɗaya.

Su wa ne bai kamata su yi nutso ba?

Mace mai juna biyu, da mai farfaɗiya, da wanda huhunsa ya taɓa sacewa, da wanda dodon kunnensa yake a fashe. Masu asma da ciwon zuciya da hawan jini da ciwon sukari sai likita ya duba su ya sa hannu. Akwai kuma cutar da ta fi shafarmu fiye da yawancin baƙin da ke zuwa tsibirin, wato sikila. Sanyin ruwa da ƙarancin ruwa a jiki da wahalar motsa jiki duk suna iya tayar da ciwon, kuma ciwon ƙashin sikila yana kama da na kumfar naitirojin har ya rikita mai jinya, saboda haka likitocin nutso suna hana masu ita. Mai rukunin AS ya faɗa wa likita ya ji ta bakinsa. Takardar lafiyar da ake cikewa kafin shiga ruwa ba wurin ɓoye-ɓoye ba ce, don wanda ya rubuta ƙarya a kanta kansa ya cuta.

Game da azumi, jikin da ya yini babu ruwa a wannan zafi ya fi fuskantar haɗarin ciwon da aka bayyana a sama, ga kuma yiwuwar haɗiye ruwan teku. Ya fi kyau a tsara tafiyar nutso a wajen Ramadan.

Gaskiya ne ba a hawa jirgin sama bayan nutso?

Gaskiya ne, domin matsin iskar cikin jirgi bai kai na ƙasa ba, kuma ragowar naitirojin zai iya yin kumfa a sama. Mafi ƙarancin jira shi ne sa'a 12 bayan nutso guda, sa'a 18 bayan nutso fiye da ɗaya ko na kwanaki a jere, kuma malamai da yawa sun fi son a cika sa'a 24. Dokar ta haɗa da ƙaramin jirgin Darussalam ko na Pemba. Mai shirin haɗa tafiyarsa da hawan dutsen Kilimanjaro ya fara da dutsen, ya ƙare da teku. Ranar ƙarshe a bar ta don yawon gari da sayen tsaraba.

Ta yaya zan gane masu kai mutane nutso na kirki?

Da tambaya, kuma na kirki ba sa jin haushinta. A nemi ganin katin malamin, a tambaya ko akwai tukunyar oksijin a cikin jirgin, a tambayi inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake da yadda ake kai mutum can, a ji ɗalibai nawa malami guda yake ɗauka. A shaƙi iskar tukunyar tun a tudu, idan tana warin mai ko hayaƙi a mayar.

Na taɓa biye wa araha na bi wani matashi da ya tare ni a bakin teku, irin waɗanda mutanen gari suke kira papasi, wato kaska. Muna cikin kwale-kwale na buɗe tukunyata sai na ji tana tsiyaya a wuya, na duba robar da ke toshe bakinta na ga ta tsage. Da na nuna masa sai ya lashi yatsa ya shafa a wurin, ya ce ai haka take yi kullum. Na yini a cikin jirgi ina kallon wasu suna shiga ruwa, kuɗina kuma bai dawo ba.

A ƙarƙashin ruwa da hannu ake magana. Haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe yana nufin lafiya lau, girgiza buɗaɗɗen tafi yana nufin akwai matsala, ɗaga babban yatsa sama kuwa yana nufin mu tashi. Sababbi da yawa suna ɗaga shi don murna, sai su ga malami ya kama hanyar sama da su. Ba a nutso mutum ɗaya, kuma kowa yana da 'yancin ya ce ya fasa ba tare da ya kawo dalili ba.

A ina ake nutso, kuma me ake gani?

Wurin da ya fi suna shi ne kewayen Mnemba, daura da Matemwe a arewa maso gabas, inda ake ganin kunkurun teku da garken kifaye masu launi iri-iri, wani lokaci har da dolfin, wata babbar dabbar teku mai kama da kifi. Tsibirin kansa ba a sauka a kansa sai baƙin masaukin da ke ciki, kuma da hantsi jirage suna yi wa wurin yawa, don haka sammako ya fi. Kusa da tsohon gari akwai wurare marasa zurfi da suka dace da masu koyo. Leven Bank a arewacin Nungwi da gangaren Pemba kuwa na ƙwararru ne, saboda ruwan yana gudu da ƙarfin da zai ɗauke mutum ya yi nisa da jirginsa kafin ya ankara.

Murjani ba dutse ba ne, halitta ce mai rai wadda take shekaru kafin ta ƙara ɗan tsawo, kuma taka ta sau ɗaya yana karya abin da ya daɗe yana ginuwa. Ba a taɓawa, ba a ɗauka.

Akwai abin tsoro a bakin teku ko da mutum bai yi nutso ba?

Babban abin lura shi ne cikowa da janyewar teku, wadda take faruwa sau biyu a yini, lokacinta kuma yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana. A gabas, wajajen Paje da Jambiani, ruwan yana janyewa har sai ka hango shi can nesa kamar farin zare, mata su fito gonakinsu na ciyawar teku suna ɗaure ta a igiyoyi tsakanin turaku. Baƙo sai ya bi yashi ya yi ta tafiya, ya manta cewa ruwan zai dawo, kuma yana fara cika kwaruruwan da ke bayansa ne kafin ya iso inda yake tsaye. Mai bin lissafin wata yana da sauƙi a nan, domin cikowar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajajen daren sha huɗu. A Nungwi da Kendwa janyewar ba ta da nisa sosai.

A sa takalmin roba saboda bushiyar teku mai baƙaƙen ƙayoyi da kuma kifin da yake kwanciya kamar dutse, wanda dafinsa yake da tsanani. Wanda ƙaya ta soka ya jiƙa wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, ya nemi asibiti.

Me za a gani a tsohon gari?

Mji Mkongwe, wanda Turawa suke kira Stone Town, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a shekarar 2000. Lungunansa sun fi na cikin birnin Kano ƙunci, mota ba ta shiga yawancinsu, kuma ɓata a cikinsu wani ɓangare ne na ziyarar. A lura da ƙofofin katako masu sassaƙa: masu kusurwa huɗu da ayoyi a samansu salon Larabawa da Suwahilawa ne, masu lanƙwasa da ƙusoshin tagulla kuma salon Indiyawa. A gaban gidaje akwai baraza, wanda ba shi da maraba da dakalinmu, a nan ake shan gahawa ana hira bayan la'asar.

A bakin ruwa akwai tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17. Kusa da ita Beit el-Ajaib yake, gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, wanda wani sashensa ya rufta a watan Disamba na 2020. A wannan fili ne jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa fadar Khalid bin Barghash, wanda ya hau sarauta ba da yardarsu ba, luguden wuta a ranar 27 ga Agusta 1896, yaƙin da bai kai sa'a guda ba.

Wurin da bai kamata a tsallake ba shi ne tsohuwar kasuwar bayi a Mkunazini, wadda aka rufe a 1873 aka gina cocin Angilika a kanta. Bayan Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar a tsakiyar ƙarni na 19, arzikin garin ya ginu ne a kan hauren giwa da kanumfari da mutanen da aka kamo daga cikin nahiyar. A harabar akwai rami da gumakan mutane ɗaure da sarƙa a wuya, da ɗakin baje kolin tarihin cinikin, wanda ya cancanci a ba shi sa'a guda cur.

A wajen gari fa?

A dajin Jozani akwai jan biri mai farin gashi a goshi, wanda asalinsa na Unguja ne kaɗai, da gadar katako da take ratsa itatuwan da suke tsiro a ruwan gishiri. A tsibirin Changuu akwai manyan kunkuru waɗanda aka kawo kakanninsu daga Seshels a 1919. A Kizimkazi, can kudu, akwai masallacin da rubutun Kufi na jikin mihirabinsa yake ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107, ko da yake an sake gina yawancinsa daga baya. Yawon kallon dolfin da ake yi a wannan gaɓa ban cika son sa ba, domin sau da yawa jirage goma ne suke bin dabbobin a guje suna zuba mutane a kansu.

Ziyarar gonakin kayan ƙamshi tana da daɗi ga duk wanda ya san kicin. Kanumfarin da muke jefawa a kunun aya da zoɓo ashe tohon fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe, a shanya shi a tabarma har ya yi baƙi, kirfa kuma ɓawon itace ce.

Me za a ci, kuma wace tsaraba za a kawo?

Nama a gidajen abincin gari na halal ne, amma a manyan masaukan baƙi ana sayar da giya, wasu har da naman alade, don haka a tambaya. Da magariba lambun Forodhani yana cika da masu gashi: mishkaki mai kama da tsire, da pweza, wata dabbar teku mai hannaye takwas, da ruwan rake da citta da lemun tsami. A zaɓi wanda aka gasa a gaban ido, a kuma ji farashi kafin a ci. Miyar urojo mai ɗan tsami da shinkafar pilau sun fi daɗi a ƙananan shagunan da ke kewayen kasuwar Darajani. Naman kunkurun teku kuwa a guje shi ko da kyauta aka bayar, domin yakan ɗauki guba, kuma a watan Maris na 2024 ya kashe mutum tara a wani tsibiri na yankin Pemba, takwas daga cikinsu yara.

Tsarabar da ta fi dacewa ita ce kanumfari da kirfa da hular kofia mai ɗinkin hannu da zannuwan kanga, waɗanda ake sayarwa bibbiyu. Kowace kanga tana da rubutun Suwahili a gefenta, wani addu'a ne, wani kuma habaici ne tsakanin kishiyoyi, don haka a sa mai shago ya fassara kafin a saya wa uwargida. Murjani da manyan ƙwanson teku da duk abin da aka yi da ƙoƙon kunkuru a bar su a inda aka gan su, fitar da su ba tare da izini ba laifi ne, kuma ana binciken jakunkuna a filin jirgi.